Idan an sace aikinka an baza a intanet: yadda ake sa Google ya daina nuna hanya

(Kiɗan buɗe shiri)

   

Yau maganar masu fasaha za mu yi. Marubuta littafi. Mawaƙa. Masu shirya fim. Masu ɗaukar hoto. Har da malamin da ya wallafa littafin koyarwa. In ba ka cikinsu, kada ka murɗa akwatin tukuna. Wataƙila 'yarka ce ke rubutu a waya da daddare. Wataƙila ƙanenka ne ke zaryar sitidiyo.

Ga matsalar. Mutum ya yi aikinsa da guminsa. Wani ya kwashe, ya ɗora a shafinsa na intanet. Duk wanda ya rubuta sunan aikin a shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google, shafin ɓarawon yake fara cin karo da shi. To yaya za a yi? Akwai hanya a doka. Kuma matakin farko ba ya cin ko kwabo.

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa a zahiri.

Ga wata marubuciya a Kano. Ta shafe watanni tana buga labari da babban yatsa a kan waya. Yara sun yi barci, ita ba ta yi ba. Ta gama. Ta buɗe zaure a WhatsApp. Mai son karatu ya tura kuɗi, ya turo shaidar biya, a saka shi. Ciniki ya fara kyau. Sai wata rana wata mai karatu ta ce, “Anti, ai na ga littafinki kyauta.” Ta duba. Ga shi nan daga shafin farko har “alhamdu lillahi”. Kewaye da shi tallace-tallace ne, na caca da na magungunan ƙarya. Mai shafin yana karɓar kuɗin talla. Ita kuwa masu saye sun ɗauke ƙafa.

Satar fasaha ba yau ta fara ba. 'Yan fim na Kano sun sha ta tun zamanin kaset da faifan CD, lokacin da harkar take a kasuwar Ƙofar Wambai. Daga baya 'yan dawunlodin suka zo, masu tura fim a waya. Amma a da akwai shago. Akwai mai shago. Kana iya zuwa da hukuma a kama kaya. Yanzu fa? Mai shafin ba ka san sunansa ba. Kwamfutar da ke ɗauke da littafinka wataƙila tana wata nahiya.

To mu shiga zango na farko. Me Google yake yi a wannan lamari?

Ku saurara da kyau, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Littafin nan ba a cikin Google yake ba. Google ɗan jagora ne a bakin kasuwa. Ka ce masa kana neman kaza, ya nuna maka rumfar da ake sayarwa. Rumfar ba tasa ba ce. Kayan ba nasa ba ne. Nuni kawai yake yi.

Saboda haka in ka kai ƙorafi, ya karɓa, abin da zai yi shi ne ya daina nuna wannan rumfa. Rumfar tana nan. Kayan satar suna nan. Wanda ya riga ya san hanya zai je. Zan maimaita. Cire shafi daga sakamakon bincike ba ya goge shi daga intanet. Hanyar zuwa gare shi ce ake toshewa.

Wani zai ce, to ina amfanin? Amfanin babba ne. Irin waɗannan shafuka da baƙi suke rayuwa. Mutum ya rubuta sunan littafi ko waƙa, ya latsa abin da ya fara gani. In ɗan jagora ya yi shiru, baƙi sun ragu. In baƙi sun ragu, kuɗin talla ya ragu. Sannan tun 2012 Google ya sanar cewa shafin da ƙorafe-ƙorafe na gaskiya suka yi wa yawa, zai riƙa tura shi can ƙasa a jerin sakamako. Ke nan ƙorafinka yana taimakon wanda za a sata gobe.

Kuma kada ka ɗauka wani baƙon abu kake nema. Zuwa 2024, adireshin shafukan da aka nemi Google ya cire saboda satar fasaha sun haura biliyan 10. Manyan kamfanonin waƙa da na fim da na littattafai kullum cikin turawa suke. Ƙofar da suke bi, ita ce kai ma za ka bi.

Zango na biyu. Wace doka ce ta ba ka wannan dama?

Google kamfanin Amurka ne, mazauninsa jihar Kaliforniya. Don haka dokar da ya fi aiki da ita a wannan fage ta Amurka ce. Ana taƙaita sunanta da haruffa huɗu, DMCA. Shugaba Bill Clinton ne ya sa mata hannu a watan Oktoban 1998. A sashe na 512 na dokar haƙƙin mallakar ƙasar aka yi wani ciniki tsakanin masu fasaha da kamfanonin intanet. Aka ce wa kamfanonin, ba za a kama ku da laifin abin da wasu suka ɗora ba. Amma da sharaɗi. In mai haƙƙi ya sanar da ku yadda doka ta tsara, ku cire ba tare da jan ƙafa ba. In kun yi burus, kariyar ta faɗi, ana iya maka ku a kotu.

Kun ga dalilin da ya sa suke amsawa? Ba tausayi ba ne. Kansu suke karewa. Ni kuwa a ganina hakan ya fi. Abin da aka gina a kan tausayi yana iya canjawa gobe.

To Bakano ko Bazazzagi ko mutumin Maraɗi, ina ruwansa da dokar Amurka? Akwai wata tsohuwar yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Berne, tun 1886. Ƙasashen da ke cikinta sun yarda kowa ya kare aikin ɗan ƙasar ɗan'uwansa. Nijar ta shiga a 1962. Amurka a 1989. Najeriya a 1993. Ghana da Kamaru da Chadi duk suna ciki. Ba sai kana da fasfon Amurka ba. Ba sai ka taɓa hawa jirgi ba.

A gida ma an samu sauyi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Tsohuwar ta 1988 ce, tun kafin intanet ta shigo gari. Sabuwar ta ware babi guda kan abin da ake ɗorawa a intanet. Daga sashe na 54 ta tsara yadda mai haƙƙi zai rubuta a cire masa kayansa. Ta yi tanadin dakatar da asusun wanda ya mayar da sata sana'a. Ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon toshe shafin da ke yaɗa kayan sata.

Wani ɗan tsokaci a nan. Hukumomi biyu ne ake kira NCC a Najeriya. Akwai ta sadarwa, mai kula da layukan waya. Akwai ta haƙƙin mallaka. Ta biyun ce taku. Kada a ɗauki takardu a nufi ofishin da ba shi ba. A Nijar kuma ofishin da ke wannan aiki shi ne BNDA.

Sai tambayar da ake yawan yi. Shin sai na yi wa aikina rajista? A'a. Haƙƙinka yana tabbata ne tun ranar da ka rubuta aikin, ko ka naɗe shi, ko ka ɗauke shi. Ba sai da hatimin kowa ba. Amma hukumar ta Najeriya tana da tsarin yin rajista ta intanet, kuma takardar da za ta ba ka shaida ce mai ƙarfi ranar gardama. In kana da hali, ka yi.

Kuma haƙƙin nan yana da tsawon rai. A dokar Najeriya, littafi ko waƙar da aka tsara, haƙƙinsu yana nan tsawon rayuwar mai shi, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da hoto da sautin da aka naɗa, shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da su. Ke nan magada ma suna da bakin magana.

Na san akwai mai cewa, ai ilimi na Allah ne, ba a yi masa shinge. Malamai sun duba wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamban 1988. Ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kiyaye, kuma bai halatta a keta shi ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake cire aikin da aka sata daga sakamakon bincike na Google. Mun iso zango na uku. A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ake zamewa.

Kafin ka rubuta ƙorafi, tambayi kanka: aikin nan nawa ne a idon doka?

Kada ka yi saurin cewa e. Ɗauki fim. Jarumi ya fito, fuskarsa ce a jikin fasta, shi duniya ta sani. Amma fim ɗin ba nasa ba ne. A ƙa'ida na wanda ya ɗauki nauyin shirya shi ne, wato furodusa ko kamfaninsa, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Jarumi ba zai je ya ce fim ɗina ne a cire ba.

Ɗauki waƙa. Wani ya rubuta baitoci. Wani ya yi kiɗa. Wani ya rera. Wani ya biya kuɗin sitidiyo. Daga baya aka sayar wa mai fim. Waƙa ɗaya, hannu biyar. Wa ke da me? In an sayar, me aka sayar? Izinin sakawa a fim ɗaya ne, ko waƙar ce ɗungurungum?

Ɗauki hoto. Kai ne a jiki, ka sha babbar riga. Amma galibi haƙƙin hoton na wanda ya ɗauka ne.

Ɗauki littafi. Marubuciya ta ba wani mai tashar YouTube izini da baki ya karanta littafinta. Suka ɓata. Yanzu tana so ta ce sata ya yi. Shi kuma yana da saƙon muryarta tana cewa “ba komai, ka karanta.” Kun ga an shiga rigima.

Matsalarmu a nan ita ce cinikin baki. “Ai mun yarda da juna.” “Ai yayana ne a harkar.” Dokar Najeriya kuwa cewa ta yi, sayar da haƙƙin mallaka, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Sai a rubuce. Takarda ɗaya mai sa hannu ta fi shaidu goma da za su ce sun manta.

Akwai kuma masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa. Ba na raina wahalar aikin. Amma in ba ka sayi izini daga masu fim ɗin ba, ba ka da hurumin rantsewa cewa fim ɗin naka ne. Wanda ya kwafe naka ya yi ba daidai ba. Kai ma a kan katangar wani ka yi gini.

Abu na gaba. Doka ba ta kare ra'ayi ko jigo. Yadda ka zuba shi take karewa. Ka rubuta labarin kishiya da uwar miji. Wata ma ta rubuta labarin kishiya da uwar miji. Ba sata ba ce. In ta kwashe shafukanka, jimla bayan jimla, ta canja sunan Zainab zuwa Hauwa, wannan sata ce.

Haka nan ba kowane amfani da aikinka ne laifi ba. Mai sharhi ya ɗauko 'yan layuka don ya yi nazari. Ɗan jarida ya nuna ɗan guntu a cikin labari. Malami ya kawo misali a aji. Doka ta yi wa irin wannan uzuri, a Najeriya da Amurka duka. Ko da sharhin ya yi maka zafi. Wanda ya ce littafinka bai yi daɗi ba, bai sace shi ba.

Kuma in matsalarka ɓata suna ce, ko an yaɗa hotunan sirri, ko lambar wayarka, wannan ba ƙofarsu ba ce. Google yana da wasu fom daban na waɗannan. Kada a cusa su a rigar haƙƙin mallaka.

To, ka tabbata aikin naka ne. Zango na huɗu. Yaya ake rubuta ƙorafin?

Kafin komai, tara shaida. Kada ka fara da zagin mai shafin. Kada ka yi shela a Facebook. In ya farga zai sauya adireshi, ka koma farko. Yi shiru ka buɗe shafin. Ɗauki hoton fuskar wayarka, yadda kwanan wata zai fito. Sannan ka kwafi adireshin shafin.

Ga yadda ake yi. Can saman waya akwai wani dogon layi na haruffa, mai farawa da h, t, t, p. Ɗora yatsa a kai, ka danne. Zai ba ka damar kwafa. Kwafe shi gaba ɗaya, har wutsiyarsa. Ajiye shi a wani wuri. Wannan layi shi matasa ke kira link. Kuma a kula. Adireshin ainihin shafin da littafinka yake ake so, ba sunan gidan gaba ɗaya ba. In ka ce “shafin wane ya sace mini littafi”, ba a yi komai ba. In an raba littafin kashi 30, kowane kashi da adireshinsa, to 30 ɗin za ka kwaso.

Sannan ka haɗa naka shaidun na asali. Rubutun farko da ke wayarka ko kwamfutarka, mai kwanan wata. Inda ka fara wallafawa. Takardar yarjejeniya. Rasit na sitidiyo. Takardar rajista in akwai.

Daga nan sai ka shiga sashen taimakon shari'a na Google. Akwai fom na kai ƙorafi kan abin da ya saɓa doka. Zai tambaye ka a wane sashe na Google ka ga abin. Ka zaɓi bincike. Zai tambayi dalili. Ka zaɓi haƙƙin mallaka. In Turanci ko Faransanci yana ba ka wahala, zauna da wanda ka amince da shi ya karanta maka. Amma kai za ka san abin da aka rubuta, domin sunanka ne a ƙasa.

Fom ɗin zai nemi sunanka na gaskiya da inda za a same ka. Zai nemi ka bayyana aikin: littafi ne mai suna kaza, na rubuta shi shekara kaza, ga inda halastaccensa yake. Yi bayani gajere, a fili. Ba wurin huce haushi ba ne. Sai ka zuba adireshin shafukan satar, kowanne a layinsa.

Daga ƙarshe akwai wasu 'yan akwatuna da za ka latsa. Mutane suna latsa su kamar wasa. To ba wasa ba ne. Na farko, kana cewa ka yi imani tsakani da Allah cewa ba ka ba da izini ba, wakilinka bai bayar ba, doka ma ba ta bayar ba. Na biyu, kana cewa bayaninka gaskiya ne, kuma ka rantse kai ne mai haƙƙin ko wakilinsa, bisa sanin cewa akwai hukuncin rantsuwar ƙarya. Sai ka rubuta cikakken sunanka. Wannan shi ne sa hannunka.

Zan sake faɗa. Fom ɗin nan rantsuwa ce. Kyauta ne, amma rantsuwa ce.

Wani abu da ya kamata ku sani tun yanzu, musamman mata masu rubutu da sunan aro. Ƙorafin nan ba sirri ba ne. Google yana iya aika kwafinsa zuwa wata taska mai suna Lumen, wadda masu bincike na jami'ar Harvard suka daɗe suna kula da ita. Ana ɓoye lambar waya da adireshin gida, amma sunan mai haƙƙi yana iya fitowa. Shi ma mai shafin ana iya sanar da shi. In ba kya son sunanki na gaskiya ya fita, ki nemi shawarar lauya kafin ki tura. Doka ta yarda wakili ya shigar a madadinki.

Kuma Google ba shi kaɗai ne ɗan jagora ba. Akwai Bing na kamfanin Microsoft, da nasa fom ɗin. Abin da ka cire a nan bai fita a can ba. YouTube ma, duk da na Google ne, hanyarsa daban. A can bidiyon ne ake saukewa ɗungurungum, domin a gidansu yake. Tashar da gargaɗin satar fasaha uku suka taru a kanta tana iya rasa ranta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Zango na biyar. Ka tura. Sai me?

Za a duba. Wani lokaci a cire cikin 'yan kwanaki. Wani lokaci a dawo maka da tambaya. Wani lokaci a ƙi, in bayanin bai gamsar ba. Ka riƙa duba imel ɗinka. Ƙorafi da yawa a nan suke mutuwa, an yi tambaya ba a amsa ba.

In an cire, shi ma mai shafin yana da bakinsa. Doka ta ba shi damar mayar da martani. Zai iya rubutowa, shi ma da rantsuwa, ya ce kuskure aka yi. Dole ya ba da sunansa da adireshinsa, ya kuma yarda a gurfanar da shi gaban kotun tarayya ta Amurka. Ɓarawo na gaske bai cika son wannan ba, domin ya fito fili ke nan. Amma in ya yi, za a sanar da kai. Daga nan agogo ya fara bugawa. Tsakanin ranakun aiki 10 zuwa 14 za a mayar da shafin, sai fa in ka nuna ka shigar da ƙara a kotu. Google ba alƙali ba ne. Ba zai raba muku gardama ba.

To wanda ya yi ƙarya fa? Dokar Amurka ta ce wanda ya san ƙarya yake yi, ya sa aka cire abin wani, zai biya diyya har da kuɗin lauya. Dokar Najeriya ma ta yi irin wannan tanadi.

Ga misali na gaske. A 2007 wata uwa a Amurka, Stephanie Lenz, ta ɗora bidiyon daƙiƙa 29 a YouTube. Ɗanta ƙarami ne yake rawa a kicin, waƙar mawaƙi Prince tana tashi a baya. Kamfanin Universal ya sa aka sauke. Ta kai su kotu. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole mai haƙƙi ya fara auna ko amfanin da aka yi yana cikin wanda doka ta yi wa uzuri, kafin ya tura ƙorafi. Bidiyon da bai kai rabin minti ba, shari'arsa ta haura shekara 10.

A 2023 kuma Google da kansa ya kai wasu mutane biyu 'yan Vietnam kotu. Ya zarge su da tura ƙorafe-ƙorafen bogi kan shafuka sama da 100,000, don su durƙusar da abokan gasarsu a cinikin riguna. Ina kawo wannan ne saboda na san halinmu. An yi faɗa a zauren marubuta, ko mawaƙi ya ɓata da tsohon ubangidansa, sai a ce bari in sa a rufe masa tasha. Kada ka mayar da wannan fom makamin gaba. Sunanka ne a kan rantsuwar.

Zango na ƙarshe. Yaushe ake neman lauya?

In shafi ɗaya ne ko biyu, aikin naka ne ba tantama, cika fom ɗinka da kanka. In an mayar maka da martani, nemi lauya a ranar, domin kwanakin ba su da yawa. In akwai gardamar wa ke da aikin, nemi lauya kafin ka tura komai. In asarar babba ce, kana son diyya, wannan ma sai lauya. A Najeriya shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Ba a kotun majistare ba, ba a ofishin 'yan sanda na unguwa ba.

Kuma ba kowane lauya ne ya saba da wannan fage ba. Wanda ya ƙware a rikicin fili ba lallai ya san wannan ba. Tambaye shi kai tsaye, “Barista, ka taɓa yin shari'ar haƙƙin mallaka?” Ku yi maganar kuɗi tun farko, a rubuce. Ka kuma auna. In kuɗin shari'a ya ninka abin da littafin zai kawo, wataƙila wasiƙar gargaɗi daga lauya ta wadatar.

Lauya yana iya kai hannu inda fom ɗin Google bai kai ba. Kowane shafi yana da kamfanin da ya ba shi masauki, wato mai kwamfutar da kayan ke ciki. In aka gano shi aka rubuta masa, shi yana iya sauke kayan gaba ɗaya. Wasu shafukan suna fakewa bayan kamfanoni irin su Cloudflare, yadda ba a ganin mai masaukin kai tsaye, amma su ma suna da hanyar karɓar ƙorafi. Akwai kamfanonin da ke ba shafin talla, su ma ana kai musu ƙara. Kuma ta hanyar kotu ana iya neman a bayyana wanda ke bayan shafin.

Ga hukumar haƙƙin mallaka, kai mata koke a rubuce. Ga ƙungiyoyi. 'Yan fim suna da MOPPAN. Marubuta suna da ANA. Akwai ƙungiyoyin karɓar wa masu fasaha kuɗin aikinsu, irin su MCSN ta mawaƙa da AVRS ta masu fim. Shafin da ya sace littafinki, ki duba da kyau, ya sace na wasu 50. In kuka haɗu kuka ɗauki lauya ɗaya, kuɗin ya yi sauƙi, ƙorafin ya yi nauyi.

A yi hattara da 'yan damfara. Akwai masu cewa, turo kuɗi in goge maka shi daga intanet gaba ɗaya, har abada. Babu mai wannan iko. Akwai kamfanonin gaske da ke farautar shafukan sata suna tura ƙorafi a madadin mutum, ana biyansu. Amma ko su ba sa yin wannan alkawari. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi lambar sirrin imel ɗinka don ya taimake ka, rabu da shi.

Shafin da aka cire yau yana iya dawowa jibi da sabon adireshi. Sai ka sake kwafa, ka sake turawa. Ka ware rana ɗaya a wata, ka rubuta sunan aikinka a Google, ka ga abin da zai fito. Ka gwada da wata jimla daga tsakiyar littafin, domin wasu suna canja suna su bar cikin.

Sai wani gefe da wannan hanya ba ta kai ba. Littafin da ke yawo a zaurukan WhatsApp, daga waya zuwa waya, Google ba ya ganinsa, balle ya cire. A Telegram da Facebook da TikTok kuma, kamfanonin ake kai wa ƙorafi kai tsaye, kowanne da hanyarsa. Wannan shi za mu ɗauka a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.

  

(Kiɗan rufe shiri)